Kafin alƙalamin gidan hutu a ƙasar waje: Yadda kuɗin ke tafiya da abin da ke hana su dawowa

Iyalin da ke shirin yin mako biyu a Istanbul ko Dubai ko Paris sukan tarar cewa kama gida sukutum ya fi kama ɗakuna uku a otal sauƙi, ga kicin da za a dafa abin da aka saba ci, ga falon da yara za su sake. Haka ma masu raka marar lafiya Alƙahira, da iyayen da ke zuwa bikin yaye ɗalibai a Ingila. Sai dai irin wannan ciniki ba ya faɗawa da fatar baki. Mai gida zai nemi a ba shi wani kaso na kuɗin hayar tun watanni kafin ranar zuwa, domin ya rufe waɗannan ranaku ga sauran masu nema. Kason yakan kai rubu'i ko sulusin kuɗin, wani lokaci ma rabi.

Tambayar da aka fi fara yi ita ce wace hanya ce ta fi arha wajen tura kuɗin. Akwai wadda ta fi ta nauyi: idan tafiyar ta fasu, ko aka isa aka tarar babu gidan, ta wace ƙofa kuɗin za su dawo? Amsar tana rataye ne a kan abu biyu, wato sunan da aka ba kuɗin a cikin yarjejeniya, da kuma hanyar da suka bi suka fita daga ƙasa.

Sunan da aka ba kuɗin

A bakin Bahaushe duk abin da aka bayar kafin a kammala ciniki kafin alƙalami ne. A dokokin ƙasashen da ake zuwa hutu abin ya kasu, kuma kowane kaso da hukuncinsa.

Faransa ce ta fi fayyace bambancin. A can akwai abin da ake kira arrhes, akwai kuma acompte. Idan yarjejeniya ta ce arrhes aka bayar, kowane ɓangare yana da damar janyewa, amma da sharaɗi: mai haya da ya fasa ya yi asarar abin da ya bayar, mai gida da ya fasa kuwa sai ya mayar da ninki biyu. Wannan hukunci yana cikin sashe na 1590 na kundin dokokin mu'amala na ƙasar. Idan kuwa acompte aka rubuta, ciniki ya riga ya ƙullu, abin da aka bayar kashin farko ne kawai na bashin da ya hau wuyan mai haya, kuma mai gida na iya bin sa sauran ko da bai taka ƙasar ba.

A ɗauki gidan da hayarsa ta mako biyu ta kama Yuro 2,000, aka tura 500. Wanda ya fasa a ƙarƙashin arrhes ya rasa 500, magana ta ƙare. Idan mai gidan ne ya fasa, Yuro 1,000 zai biya. Wanda ya fasa a ƙarƙashin acompte kuwa ana iya neman ragowar 1,500 a hannunsa. Kalma ɗaya ce a shafi na biyu na takardar da akasari ba a karantawa, amma ita ce ke raba asarar 500 da ta 2,000. Dokar kare masu saye ta Faransa ta ce idan ba a ambaci ko ɗaya ba, ana ɗaukar kuɗin a matsayin arrhes. Dokar ƙasar ta kuma taƙaita wa dillalan gidaje masu lasisi: ba za su karɓi fiye da kashi 25 cikin 100 na kuɗin hayar hutu a matsayin kafin alƙalami ba, ba kuma za su karɓa fiye da wata shida kafin ranar ba da makulli ba.

Sifaniya tana da irin wannan hukunci na ninki biyu a sashe na 1454 na nata kundin, inda ake kiran kuɗin arras. Amma kotunan can sun saba karkata ɗaya gefen: sai an rubuta ƙarara cewa kuɗin na ba da damar janyewa ne kafin a ɗauke su haka. Abin da shiru ke nufi a Marseille ba shi yake nufi a Malaga ba.

Ɗaliban fiƙihu za su ji kalmar ta yi musu kama da wadda suka sani, kuma ba su yi kuskure ba. Arrhes da arras sun gangaro ne ta Latin da Girkanci daga tushe ɗaya da kalmar Larabci ta arabun ko urbun. Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hadisin da ya hana cinikin arabun, kuma bayaninsa ya haɗa har da haya. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya ba su yarda a cinye kuɗin wanda ya fasa ba, Hambaliyya kuwa sun halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Brunei a 1993, ta bi ra'ayin halattawa muddin an ƙayyade wa'adin jira, ta kuma ce hukuncin ya shafi haya. Wanda wannan saɓani ya dame shi yana da mafita mai sauƙi, ya nemi gidan da sharaɗinsa ya ce ana mayar da kuɗi idan an fasa cikin wani wa'adi.

Akwai kuɗi na uku da ake yawan cakuɗawa da waɗannan biyun, wato kuɗin ajiya na ɓarna. Su ba sa cikin kuɗin haya. Jingina ce da mai gida ke riƙewa ko da za a fasa masa gilashi ko a ƙona masa tukunya, ya mayar bayan an tashi. Bisa al'ada a ranar shiga gida ake ba da su. Mai gidan da ya haɗa su da kafin alƙalami ya ce a turo duka tun wata huɗu kafin zuwa ya cancanci a tambaye shi dalili.

Wasu sukan dogara da labarin cewa a Tarayyar Turai duk abin da aka saya ta intanet ana da kwana 14 na fasawa. Gaskiya ne akwai wannan haƙƙi a dokar 2011 ta kare masu saye, amma dokar da kanta ta cire masaukin da aka kama don wasu ranaku takamaimai. Gidan hutu bai shiga ciki ba.

Biza da abin da ba ya hannun matafiyi

Ga Bature da ke tsallakawa daga Jamus zuwa Italiya, abin da zai fasa masa tafiya bai wuce rashin lafiya ko rasuwa ba. Mai fasfo ɗin Najeriya yana da ƙarin wani shinge. Ofisoshin jakadancin ƙasashen Schengen suna neman shaidar masauki tun a wajen cike takardun biza, ke nan sai an kama gida kafin a san ko za a bari a shiga ƙasar. Kuɗin neman bizar ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2023 da 2024 an ƙi amincewa da sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya. Wanda ya tura kafin alƙalamin da ba a mayarwa kafin bizarsa ta fito ya yi caca ne da kuɗinsa a kan abin da kusan rabin masu nema ba sa samu.

Birtaniya ta sauƙaƙa ta wannan gefen. Jagorar hukumar bizarta ta saka takardar kama otal da tikitin jirgi cikin abubuwan da ba su da wani tasiri a matsayin hujja, don haka babu abin da ke tilasta biyan komai kafin a ji sakamako.

Ƙofa kan kuma rufe ba tare da sanarwa mai tsawo ba. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba ta dawo ba sai tsakiyar Yulin 2024, jiragen Emirates ma sai 1 ga Oktoban 2024 suka koma sauka a Legas. Yarjejeniyar haya ta gama-gari ba ta ɗaukar hana biza a matsayin uzuri sai an rubuta shi. Jimla ɗaya ce, cewa za a mayar da kuɗin idan aka nuna takardar ƙin ba da biza kafin rana kaza, kuma masu gidaje da dama sukan yarda idan an nema tun kafin a biya. Bayan kuɗi sun shiga hannunsu ba su da dalilin yarda.

Ƙofofin fitar da kuɗi daga Najeriya

Tura kuɗi zuwa Najeriya abu ne mai sauƙi. Fitar da su ne ke da ƙofofi kaɗan. A ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya sabunta a ƙarshen Janairun 2024, an taƙaita aikin kamfanonin aika kuɗi na ƙasa da ƙasa ga shigo da kuɗi kaɗai, an hana su aikawa waje. Saboda haka wanda mai gida ya ce masa ya je ya turo ta irin waɗannan kamfanoni daga Kano ko Kaduna, an aike shi inda ba zai samu biyan buƙata ba.

Kuɗin guzirin matafiya da ake kira PTA, wanda ake nema ta fom ɗin A, ya kai Dala 4,000 a kowane wata uku, na 'yan kasuwa kuma 5,000. A watan Fabrairun 2024 aka koma zuba su a kati, aka daina bayarwa a hannu. Amma ba su cika amfanar mai biyan kafin alƙalami ba, domin banki na neman biza da tikitin zuwa da dawowa, kuma sai tafiya ta rage kamar mako biyu ake sayarwa. Kafin alƙalami kuwa tun watanni kafin nan ake nemansa. Guzirin ya fi dacewa da biyan ragowar kuɗin haya.

Abin da ya rage shi ne asusun kuɗin waje, wanda aka fi sani da asusun dala, da kuma kati. A watan Yunin 2023 Babban Bankin ya ba masu irin wannan asusu damar tura har Dala 10,000 a rana daga tsabar kuɗin da suka zuba, adadin da ya zarce akasarin kafin alƙalamin gidajen hutu. Yawanci mutum yakan sayi dala a wurin 'yan canji masu lasisi, irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, ya zuba a asusunsa, sannan ya cike takardar turawa. Banki na iya neman ganin yarjejeniyar hayar ko takardar neman biya, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta kai rahoton duk kuɗin da suka haura Dala 10,000 da aka tura waje ko aka karɓa. Katin naira kuwa, wanda akasarin bankuna suka dakatar da aikinsa a waje tsakanin 2022 da 2023, ya fara dawowa a tsakiyar 2025, kowane banki da iyakar da ya sa.

Sai tsohuwar hanya da kowa ya sani: a ba ɗan canji naira a nan, abokin hulɗarsa a Dubai ko Istanbul ya biya mai gida a can. Tana da sauri, tana kuma tafiya bisa amanar da 'yan kasuwa suka daɗe suna cin moriyarta. Illarta ga wannan ciniki ita ce sunan da zai bayyana a asusun mai gida ba na mai haya ba ne. Idan gardama ta taso, babu takardar banki da ke nuna cewa wane ya biya wane. Idan kuma aka zo mayar da kuɗi, bankuna da kamfanoni asusun da kuɗi suka fito suke mayarwa, wato na wani mutum da mai haya bai taɓa gani ba. Kuɗin kirifto ma haka suke, har sun fi: abin da aka tura ya tafi ke nan, babu ofishin da za a kai ƙara ya janyo shi.

Farashin canji wani haɗari ne na daban da ke zaune tsakanin ranar kafin alƙalami da ranar biyan ragowa. Kafin 14 ga Yunin 2023, ranar da aka haɗe kasuwannin canji, dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya biya rubu'i ya bar kashi uku a irin wannan tsakani ya ga yadda hutu ke komawa bashi. Wanda ya tanadi ragowar a asusun dala tun ranar farko ya huta da wannan, musamman idan Saudiyya ko Dubai za shi, tun da riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, dirhami kuma a kan 3.6725. Maƙwabta a Nijar su ta gefen Turai suke da wannan kwanciyar hankali, domin sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957.

Abin da ke faruwa bayan an sa hannu a banki

Ana cewa an tura kuɗi ta SWIFT, amma SWIFT ba ta ɗaukar ko sisi. Ƙungiya ce ta bankuna da aka kafa a 1973, hedikwatarta a La Hulpe kusa da birnin Brussels na Beljiyam, aikinta isar da saƙo tsakanin cibiyoyin kuɗi sama da 11,000 a ƙasashe da yankuna fiye da 200. Saƙon ne ke tafiya, kuɗin kuwa ana rage su ne daga wani asusu a ƙara a wani. Bankin da ke Kano ba shi da asusu a ƙaramin bankin wani gari a kudancin Faransa, don haka sai an bi ta banki ɗaya ko biyu masu shiga tsakani. Dala takan bi ta New York, inda ake tace sunayen mai turawa da mai karɓa a jerin waɗanda aka ƙaƙaba wa takunkumi. Wannan tacewa ce ke sa wani lokaci a tsayar da kuɗin mai suna irin na kowa, a nemi kwafin fasfo da ranar haihuwa. Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido a Fabrairun 2023, ta fita a Oktoban 2025, kuma zaman da ta yi a ciki ya ƙara wa kuɗin da ke fitowa daga ƙasar tambayoyi.

Kowane banki da kuɗin suka ratsa yana iya yankar ladansa, kuma a nan ne ƙaramin akwati a jikin fom ke da muhimmanci. Haruffa uku ne. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki duk caji, SHA na nufin a raba, BEN kuma a cire komai daga kuɗin mai karɓa. Wanda ya tura Yuro 500 ya zaɓi SHA kada ya yi mamaki idan mai gida ya ce 470 ya gani. Gibin ƙarami ne, amma yarjejeniyar da ta ce sai 500 sun cika kafin ranar Juma'a ba ta san da uzurin bankuna ba, kuma cike gibin na nufin sake biyan cajin turawa gaba ɗaya. Haka nan idan aka tura dala zuwa asusun Yuro, bankin can ne zai canza a farashin da ya ga dama. Abin da ya fi shi ne a tura da kuɗin da aka rubuta a yarjejeniya.

Bayanai biyu ne ke kai kuɗi inda aka nufa. Na farko lambar banki, wato BIC, mai haruffa 8 ko 11. Na biyu lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, IBAN, wadda tsawonta ya danganta da ƙasa: 22 a Jamus da Birtaniya, 23 a Daular Larabawa, 24 a Sifaniya da Saudiyya, 26 a Turkiyya, 27 a Faransa da Italiya. Amurka ba ta amfani da ita, lambar banki mai alƙaluma tara take bi, kamar yadda Najeriya ke da tata NUBAN mai goma. Haruffa biyun farko na IBAN ƙasar da asusun yake suke nunawa, alƙaluma biyun da ke biye kuma na gano kuskuren rubutu ne. Suna kama lambar da aka rubuta ba daidai ba, amma ba sa cewa komai game da mai asusun. Bankuna da yawa lamba suke bi, ba sa duba ko suna ya dace. Tun Oktoban 2025 bankunan ƙasashe masu amfani da Yuro suna tantance suna da lamba kafin turawa, sai dai wannan kariya ta masu turawa ce daga cikin yankin, ba ta kai ga wanda ke cike fom a Zariya ba.

Kuɗin kan isa cikin kwana ɗaya zuwa biyar na aiki, kuma kwanakin aiki ba ɗaya ba ne a ko'ina: Saudiyya Juma'a da Asabar take hutu, Daular Larabawa kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022. Ya kamata a karɓi kwafin saƙon turawar daga banki, wanda ma'aikata suka saba kira MT103, tare da lambar bibiya mai haruffa 36 da ake kira UETR. Da ita ce ake gane bankin da kuɗi suka maƙale.

Abu mafi muhimmanci game da wannan hanya shi ne ba ta da linzamin juyawa. Da zarar kuɗi sun sauka a asusun mai karɓa, abin da bankin mai turawa zai iya yi bai wuce aika roƙon a dawo da su ba, kuma a mafi yawan ƙasashe sai mai asusun ya yarda ko kotu ta ba da umarni. Turawa ta banki da miƙa tsabar kuɗi a hannu hukuncinsu kusan ɗaya ne.

Kati da dandalin haya

Kati ya fi tsada idan aka lissafa farashin canjin banki da cajin sayayya a waje, amma abin da ake saye da wannan ƙari shi ne damar janyo kuɗi. Dokokin Visa da Mastercard sun ba mai kati damar ƙalubalantar biyan da bai samu abin da ya saya ba, galibi cikin kwana 120 daga ranar da ya kamata a ba shi, ta hannun bankin da ya ba shi katin. Ba kullum ake nasara ba, kuma wannan dama ba ta taimakon wanda ya fasa da kansa bayan ya amince da sharaɗin rashin mayarwa. Amma ga gidan da babu shi, ko mai gidan da ya ɓace, ita ce makami mafi kaifi da ƙaramin matafiyi ke da shi.

Manyan dandalin haya suna ƙara wani shinge. Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco a 2008, yana riƙe kuɗin baƙo ne a hannunsa, ba ya sakar wa mai gida sai bayan ranar shiga, galibi da kwana guda. Ɗan damfara ba ya iya jiran wannan, shi ya sa dabararsa ɗaya ce a kullum: ya janye mutum daga dandalin zuwa WhatsApp ko imel, ya yi masa tayin ragi idan ya turo kai tsaye. Ragin yakan yi daidai da la'adar dandalin, ya kuma yi kama da hikimar ciniki, alhali kariyar ce aka saye daga hannun mutum da arha. Tun 2023 an kuma sha ba da rahoton 'yan kutse da ke shiga asusun otal-otal a Booking.com, su aika wa baƙi saƙo daga cikin manhajar cewa a sake shigar da bayanan kati ta wani adireshi ko a soke masauki. Fitowar saƙo daga cikin manhaja ba hujja ba ce idan yana jan mutum zuwa wani shafi. A PayPal ma zaɓin aika wa 'yan uwa da abokai ba ya ɗauke da kariyar mai saye, kuma shi ne zaɓin da macuta ke roƙon a bi.

Tantance gidan da mai shi

Akwai masu gidajen kirki da yawa da ba sa karɓar kati, musamman a ƙauyukan Turai, kuma neman a turo ta banki shi kaɗai ba alamar cuta ba ne. Abin da ake buƙata shi ne tantancewa kafin turawa, kuma dokokin 'yan shekarun nan sun sauƙaƙa ta. Birnin Paris ya wajabta lambar rajista mai haruffa 13 a jikin kowane talla. Italiya ta wajabta lambar ƙasa da ake kira CIN daga Janairun 2025. A Turkiyya, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024 ta ce duk hayar da ba ta wuce kwana 100 ba sai da izinin ma'aikatar yawon buɗe ido, da allo a ƙofar gidan. Dubai ma sai da lasisin sashen tattalin arziki da yawon buɗe ido. A New York, tun Satumban 2023 hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai mai gida ya yi rajista, yana zaune a gidan, baƙi kuma kada su wuce biyu, don haka tallan gida sukutum na mako ɗaya a birnin abin tuhuma ne tun daga kallon farko.

Sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan da ke kan yarjejeniya. Ƙasar da IBAN ta nuna ita ma abin dubawa ce. Gida a Sifaniya da asusu mai farawa da LT, wato Lituweniya, ba lalle ne cuta ba, domin wasu bankunan intanet a can suke da rajista, amma tambaya ce da mai gidan gaskiya zai amsa ba tare da fushi ba. Hotunan talla ana iya bincika su a intanet a ga ko an kwaso su daga wani gida a wani gari, kuma kiran bidiyo na minti biyar, mai gida yana zagayawa daga ƙofar titi zuwa kicin, ya fi takardu goma, domin katin shaida da takardar mallaka da ake turowa ta waya sau da yawa na wani ne da aka riga aka cuta. Gidan da farashinsa ya faɗi ƙasa da na maƙwabtansa da rabi, ga mai shi yana cewa wasu mutum uku na jira, araha ce da ba ta ado.

Akwai wata damfarar da ke kama har masu taka-tsantsan. Gidan na gaske ne, mai shi ma na gaske, amma an kutsa cikin imel ɗinsa. Ana cikin magana sai saƙo ya zo cewa an canza banki, ga sabuwar lamba. Duk canjin asusu a tsakiyar ciniki sai an tabbatar da shi da murya, ta lambar wayar da aka sani tun farko, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba.

Idan an riga an tura

Sa'o'in farko ne ke da amfani, domin macuta sukan kwashe kuɗi a ranar da suka sauka. Matakin farko shi ne sanar da banki a rubuce, a nemi ya aika saƙon janyewa da ke nuna cewa damfara ce, a haɗa da lambar UETR. Sai a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, a kuma sanar da bankin da ya karɓi kuɗin da dandalin da aka ga tallan. Idan bankin mutum ne ya yi sakaci, ƙa'idar Babban Banki ita ce a ba shi mako biyu ya warware koken, in ya gaza a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Ko da komai ya tafi daidai, akwai ragowar lissafi a ƙarshen hutu, wato kuɗin ajiya na ɓarna. Mai gidan da zai mayar da Yuro 300 zuwa Najeriya ta banki zai tarar caji ya ci wani kaso mai tsoka, kuma sai mai haya yana da asusun kuɗin waje da zai karɓa, da bayanan bankin da ke shiga tsakani. Kamfanonin haya da yawa sukan riƙe adadin ne a jikin kati ba tare da cirewa ba, su sake shi bayan an duba gida, ko da yake sakin kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya bayyana a asusu. Inda babu wannan, masu gida da dama sukan karɓi tsaba ranar shiga su ba da rasit, su mayar a hannu ranar fita bayan an zagaya gidan tare. Mai ɗauke da tsaba ya tuna cewa abin da ya haura Dala 10,000 sai an bayyana wa Kwastam a filin jirgin Najeriya, Yuro 10,000 kuma a ƙofar shiga Tarayyar Turai.